SHA'ANIN NOMA: Awon Lantarki Mai Tona Asirin Gishiri A Ƙarƙashin Ƙasa

Hausawa na cewa ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba. Gaskiya ne, amma karin maganar bai faɗi irin ruwan da mai tonon zai tarar ba. Sau da yawa mutum ya kan sayar da amfanin gonarsa na shekara, ko ya ci bashi, ya kira masu haƙa rijiya, a yi kwana da kwanaki ana aiki, ran da ruwa ya ɓullo a yi murna, sai an kai baki a ji zartsi. Wannan ma da sauƙi, gama ya san matsayinsa tun da wuri. Wanda ya fi shi shan wuya shi ne mai rijiyar da ta shekara goma tana ba da ruwan daɗi, sa'an nan ta soma juyewa a hankali ba wanda ya lura, sai da bakin ganyen albasa ya fara ƙonewa, ƙasar lambu ta yi fari fat kamar an barbaɗa toka.

To, masana sun samo dabarar da a ke sanin inda ruwan gishiri ya ke a ƙarƙashin ƙasa tun ba a kafa diga ba. Lantarki a ke aikawa cikin ƙasa, shi ya komo da labari. Inda aka fi ganin amfanin wannan dabara a fili shi ne wani kwari na manoman lambu a ƙasar Amurka, wanda ruwan teku ya fi shekara tamanin yana cin rijiyoyinsa.

ƁARNAR GISHIRI A GONA

Kafin a je can, ya kamata a san girman ɓarnar. Ruwan teku yana ɗauke da gishiri kashi 35 cikin 1,000. Watau in aka cika durom mai cin galan 44 da shi, aka bar shi a rana ya ƙafe, za a kwashe gishiri wajen kilo 7 a gindinsa. Ba kuwa sai ruwan tekun ya yi yawa ya ke ɓata rijiya ba. Guga biyu nasa cikin guga ɗari na ruwan daɗi sun isa su sa baki ya ji shi.

Shuka ta fi mutum rashin haƙuri da gishiri. Saiwa tana shan ruwa ne domin ruwan da ke cikinta ya fi na ƙasa kauri. In na ƙasa ya yi kauri da gishiri sai jan ya gagara, shuka ta yi yaushi alhali ƙafarta na cikin danshi. Manomi ya ga haka ya ce ƙishi ne, ya ƙara ban ruwa, rana ta shanye ruwan ta bar gishirin, gobe abin ya fi na yau.

A yi lissafi. A ce ruwan rijiya yana da gishiri kashi 1 kacal cikin 1,000, wanda mutum zai iya sha ba ya yamutsa fuska ƙwarai ba. A ce kuma an zuba wa eka ɗaya ruwa mai zurfin ƙafa 2 tun daga shuka har girbi. Gishirin da ya shiga wannan eka a rani ɗaya ya kusa tan biyu da rabi, watau kusan buhu 50 mai kilo hamsin hamsin. In damina ba ta wanke shi ya gangara ƙasa ba, yana nan yana jiran na baɗi.

Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da ma'auni a 1985. Ruwan da gishirinsa bai kai kashi 450 cikin miliyan ba, a yi ban ruwa da shi ba fargaba. Daga 450 zuwa 2,000 sai da lura. Abin da ya haura 2,000 kuwa hatsari ne babba. Albasa da karas da latas da barkono su ne ragwaye, su ke fara faɗuwa. Masara da tumatir da shinkafa suna tsaka-tsaki. Alkama da dawa da auduga da sha'ir da dabino sun fi jurewa.

KWARIN SALINAS

Kwarin Salinas yana cikin Jihar Kalifoniya, a yammacin Amurka. Tsawonsa kimanin mil 90 ne, bakinsa kuwa ya buɗe a gaɓar Monterey, a tekun Fasifik. Sunan ma da harshen Sifaniya yana nufin fadamun gishiri. Ƙasar tana da albarka ƙwarai, har ana yi wa kwarin kirari da kwanon salak na duniya, saboda yawan latas da sauran ganyaye da a ke lodawa daga can zuwa biranen Amurka. Amma ruwan saman da ke sauka a wurin bai kai rabin na Kano ba, kuma da sanyi ya ke zuwa, ba lokacin da shuka ke bukatarsa ba. Saboda haka kusan dukan noman wurin da ruwan rijiyar burtsatse a ke yinsa.

Ruwan ƙarƙashin ƙasa ba tafki ba ne, yana kwance ne a tsakanin ƙwayoyin rairayi da tsakuwa, kamar yadda a ke tona yashin kogi da rani a sami ruwa. A bakin kwarin Salinas wannan yashi hawa hawa ya ke, kowane hawa da shimfiɗar yumɓu a bisansa kamar murfi. Akwai wanda a ke kira hawan ƙafa 180, da na ƙarƙashinsa hawan ƙafa 400, bisa ga zurfin da a ke samunsu, sa'an nan da waɗansu can ƙasa. Abin lura shi ne waɗannan hawa ba su tsaya a gaɓa ba, sun miƙe har ƙarƙashin teku, bakinsu a buɗe.

Muddin ruwan daɗi yana da yawa, shi ke tura na teku baya. Wani injiniyan soja na ƙasar Holan mai suna Badon Ghyben wajen 1888, da wani Bajamushe mai suna Herzberg a 1901, kowa ya gano ƙa'idar a nasa wurin. Ruwan teku ya ɗara na daɗi nauyi da kashi ɗaya cikin arba'in, don haka na daɗi ya kan hau bisansa kamar mai a kan miya. Kowace ƙafa ɗaya da ruwan daɗi ya ɗara fuskar teku tsawo, tana danne ruwan gishiri ƙafa 40 a ƙasa. In famfo ya rage ƙafa ɗayan nan, gishiri ya sami hanyar tasowa ƙafa 40. In kuwa aka ja ruwan rijiyoyi har ya koma ƙasa da fuskar teku, to, an buɗe wa teku ƙofa ke nan.

Abin da ya faru a Salinas ke nan. Tun cikin shekarun 1930 manoman da ke kusa da gaɓa suka soma jin zartsi a rijiyoyinsu. Gwamnatin jihar ta yi bincike ta fitar da rahoto a 1946, wanda ya tabbatar teku ce ke shigowa saboda yawan jan ruwa. Wanda rijiyarsa ta lalace sai ya bar ta, ya haƙa wata mai zurfi zuwa hawan ƙafa 400, ba da daɗewa ba gishirin ya bi shi can. Zuwa shekarun 2010 ruwan zartsi ya ci fiye da mil 7 cikin tudu a hawan ƙafa 180, har ya doshi gefen birnin Salinas, a hawan ƙafa 400 kuwa ya ci fiye da mil 3.

Hukumar ruwa ta gundumar Monterey ta kan ɗebi ruwan rijiyoyi ta auna, ta ja layi a taswira inda sinadarin gishiri mai suna kulorayid ya kai kashi 500 cikin miliyan. Aiki ne mai kyau, amma da sauran rina a kaba. Rijiya ba ta ba da labarin kome sai na inda ta ke tsaye. Tsakaninta da ta gaba yana yiwuwa a yi mil guda ko biyu, abin da ke tsakani kuwa sai dai a yi ƙiyasi. Rijiyar gwaji mai zurfi tana cin kuɗi da yawa, ba kuwa mai iya huda kowace gona.

TURAKU HUƊU DA WAYA

Nan ne awon lantarki ya shigo. Asalinsa daga wani malamin makarantar ma'adinai ne na birnin Faris mai suna Conrad Schlumberger, wanda ya yi gwajinsa na fari a 1912 a gonar gidansu a lardin Normandi na ƙasar Faransa. Shi ma'adinai ya ke nema, ba ruwa ba. A 1915 wani Ba'amurke mai suna Frank Wenner ya bayyana tasa hanyar jera turakun. Har yau sunayen mutanen nan biyu a ke kiran hanyoyin da su.

Ga yadda abin ya ke. Busasshen dutse da busasshen yashi ba su son lantarki ya ratsa su, suna turjewa. Ruwan daɗi ya kan bar shi ya wuce kaɗan kaɗan. Amma gishiri in ya narke a ruwa sai ya rarrabu ya zama waɗansu 'yan ƙwayoyi da ido ba ya gani, kowace tana ɗauke da nata lantarki, su ne ke zama 'yan dako su kai shi gaba. Saboda haka iyakar yawan gishirin, iyakar sauƙin wucewar lantarki.

Mai awo ya kan kafa turakun ƙarfe huɗu a jere bisa layi ɗaya. Biyu na gefe ya haɗa su da batir ta waya, lantarki ya shiga ƙasa ta ɗaya ya fita ta ɗayan. Biyu na tsakiya kuwa suna haɗe da na'urar da ke nuna yawan turjiyar da ƙasa ta yi. In turakun gefe suna kusa da juna, lantarkin bai wuce saman ƙasa ba. Sai a cire su a ƙara nisa, a sake awo, a ƙara nisa, a sake. Kowane ƙarin nisa yana sa lantarkin ya ƙara nutsewa. Galibi zurfin da a ke gani kimanin kashi ɗaya ne cikin biyar na nisan da ke tsakanin turakun gefe. Mai son sanin abin da ke ƙafa 100 ƙasa, sai ya shimfiɗa waya wajen ƙafa 500.

Ma'aunin turjiya sunansa om-mita. Ruwan teku tsantsa turjiyarsa wajen 0.2 ce. Ruwan daɗi ya kan kama daga 10 zuwa 100. Yashin da ruwan teku ya cika ya kan nuna ɗaya ko biyu ko uku, wanda ruwan daɗi ya cika ya nuna gommai, dutsen da bai tsage ba kuwa dubbai. Bambancin yana da girma ainun, shi ya sa cikin dukan abubuwan da ke ɓata ruwan ƙasa ba wanda ya fi gishiri saurin tonuwa a wannan awo.

A zamanin yanzu ba sai an yi ta cire turaku ana kafawa ba. A kan shimfiɗa doguwar waya mai turaku da yawa, kwamfuta ta riƙa zaɓen huɗu huɗu da kanta, ta yi awo dubbai. Daga nan ta zana hoto mai launi, kamar an tsaga ƙasa da wuƙa an leƙa gefenta, ga inda turjiya ta yi yawa, ga inda ta faɗi.

MIL 25 A BAKIN TEKU

Wata shaihiyar malama ta Jami'ar Stanford mai suna Rosemary Knight, ita da ɗalibanta da abokan aikinta, suka ɗauki wannan dabara suka kai ta gaɓar Monterey. Bayan sun gwada a wani ɗan yanki, a 2014 suka bi yashin bakin teku suna shimfiɗa waya suna naɗewa har kimanin mil 25. Hoton da suka samu ya nutsa fiye da ƙafa 900, ba kuwa a haƙa rami ko ɗaya ba. Aka buga sakamakon a 2017.

Da ana tsammani gishirin yana shigowa ne sahu ɗaya kamar rundunar yaƙi. Hoton ya nuna ba haka ba ne. Wani wuri ya kutsa ƙwarai, kusa da shi kaɗan ruwan daɗi yana nan daram. Abubuwa uku ne suka raba wuraren: irin shimfiɗar ƙasar, da yawan jan ruwa da a ke yi a kusa, da kuma ko ruwan daɗi yana samun hanyar tsiyaya ya mayar da abin da aka ɗiba.

Sai dai waya da turaku ba su ratsa gonakin mutane da hanyoyin mota da sauƙi. Don haka a 2017 hukumar ruwa ta garin Marina, wanda ke bakin kwarin, ta ɗauki hayar jirgi mai saukar ungulu. Jirgin yana rataye da wani ƙaton zobe mai kusurwa shida, irin wanda aka ƙirƙiro a Jami'ar Aarhus ta ƙasar Denmak, yana tafe da shi kimanin ƙafa 100 bisa ƙasa. A kan saki lantarki mai ƙarfi cikin zoben sa'an nan a yanke shi farat ɗaya. Yankewar nan ta kan ta da wani ɗan lantarki a cikin ƙasa ta hanyar ƙarfin maganaɗisu. In busasshen yashi ne ko mai ruwan daɗi, nan da nan ya mutu. In ruwan gishiri ne sai ya daɗe yana kewaya, kamar amon ganga a cikin zaure. Wata na'ura a jikin zoben ita ke sauraron wannan amo. Cikin 'yan kwanaki jirgin ya yi zirga-zirgar da ta kusa mil 400.

Taswirar da aka fitar ta nuna akwai ruwan daɗi kwance a yashin tuddan bakin teku, bisa ruwan zartsi, wanda yawansa bai fito sosai a lissafin rijiyoyi ba. Ta kuma nuna wuraren da murfin yumɓu ya yi giɓi, ruwan gishiri na hawan sama yana zurarewa zuwa na ƙasa. Wannan ya dace da abin da hukumar gundumar ta gani a nata awon rijiyoyi, watau waɗansu tsibirai na zartsi a hawan ƙafa 400, can gaba da inda a ke tsammanin bakin gishirin ya ke. Tsofaffin rijiyoyin da aka watsar ba a toshe ba, waɗanda bututunsu ya ruɓe, su ma suna zama mazurari tsakanin hawa da hawa. Rijiyar da maigidanta ya manta da ita tana iya kashe ta maƙwabcinsa.

INDA AWON KE RUƊI

Kada mai karatu ya ɗauka na'urar nan ba ta kuskure. Turjiya ta ke aunawa, ba gishiri ba. Yumɓu mai danshi shi ma yana barin lantarki ya wuce, har turjiyarsa ta kan yi daidai da ta yashi mai ɗan zartsi. Mai awon da bai ƙware ba yana iya ganin yumɓu ya ce gishiri ne, ya hana mutum haƙa rijiya a wuri mai kyau. Bututun ƙarfe da aka binne, da shingen waya, da manyan wayoyin lantarki, duk suna rikita awon, shi ya sa jirgin ba ya bi ta kan gari. Har wa yau, iyakar zurfi iyakar dushewar hoton, siririyar shimfiɗa can ƙasa tana iya ɓacewa.

Saboda haka masu aikin Monterey ba su dogara ga hoton shi kaɗai ba. Sun gwama shi da littattafan masu haƙa rijiya, inda aka rubuta irin ƙasar da aka tarar ƙafa bayan ƙafa, da kuma awon ruwan rijiyoyin da ke akwai. Rijiya ta faɗi gaskiyar wuri ɗaya, lantarki ya cika abin da ke tsakani. Kowane yana bukatar ɗan'uwansa.

Kuma awo ba magani ba ne, nuna ciwo ya ke yi. Maganin ɗaya ne, a rage ɗiba, a ƙara mayarwa. Mutanen Salinas sun gina madatsar ruwa ta Nacimiento a 1957, da ta San Antonio a shekarun 1960, don a tare ruwan sanyi a riƙa sakinsa da rani yana tsiyaya cikin yashin kogi. A 1998 suka fara tace ruwan ƙazantar garuruwa suna kai shi ta bututu zuwa gonaki eka 12,000 a kewayen garin Castroville, domin manoman wurin su huta da rijiyoyinsu. A 2018 hukumar gundumar ta dakatar da haƙa sababbin rijiyoyi a yankin na wani lokaci, aka kuma shiga toshe tsofaffi da siminti. Duk wannan ya rage wa gishirin sauri, amma bai kore shi ba. Yashin da gishiri ya riga ya kama, wanke shi aikin shekaru ne masu yawa.

ABIN DA YA SHAFI MAI LAMBU A AREWA

Wani zai ce ina ruwan mutumin Kano ko Maraɗi da teku. Gaskiya teku na nesa, amma gishiri ba daga teku kaɗai ya ke fitowa ba. A Keana da Awe cikin Jihar Nasarawa ruwan gishiri daga duwatsun ƙarƙashin ƙasa ya ke ɓuɓɓugowa, tun kaka da kakanni mata ke dafa shi suna sayarwa. A ƙasar Manga da kewayen tafkin Chadi, da Dallol Bosso da Dallol Fogha a Jamhuriyar Nijar, kanwa da gishiri suna taruwa a kwaruruka saboda rana tana shanye ruwan da ke kusa da fuskar ƙasa. A irin waɗannan wurare ruwan daɗi da na zartsi su kan zauna kusa da juna, ko ɗaya bisa ɗaya, kamar dai na Salinas. Na'urar turaku huɗu kuwa ba baƙuwa ba ce a Nijeriya da Nijar, ita ce masu binciken ruwa ke shimfiɗawa kafin a haƙa rijiyar burtsatse.

Saboda haka wanda zai kashe kuɗinsa a kan rijiya, ga abin da ya kamata ya riƙe. Ya sa a yi awon tukuna, gama kuɗin awo kaɗan ne a kan kuɗin haƙa. Kada ya tsaya ga tambayar ko akwai ruwa, ya tambayi mai awon ko turjiya ta faɗi ƙwarai a wani zurfi, in ta faɗi kuma yumɓu ne ko gishiri, da me ya dogara. Ya kai shi ga rijiyoyin maƙwabta, masu daɗi da masu zartsi, a yi awo kusa da su don a gwama. Ya karɓi takardar awon ya adana, gama za ta yi amfani ga wanda zai haƙa a gaba.

In awo ya nuna ruwan daɗi yana bisa na zartsi, to, zurfi ba alheri ba ne. A tsaya a sama, a ja ruwa a hankali da ƙaramin inji, a bar rijiya ta huta, gama babban inji shi ke tsotso gishirin daga ƙasa. Akwai kuma wata 'yar na'ura kamar alƙalami da a ke tsomawa a ruwa ta nuna yawan gishirinsa nan take, bisa wannan ƙa'ida ta lantarki. Ƙungiyar manoma ɗaya tana iya sayen guda, akawunta ya riƙa auna rijiyoyin 'yan ƙungiya a farkon rani da ƙarshensa yana rubutawa a littafi. In lambar tana hawa shekara bayan shekara, an gane ɓarawon tun yana bakin ƙofa, sai a rage ɗiba, ko a koma ga shukar da ta fi jurewa. Rijiyar da aka bari saboda zartsi kuwa a toshe ta sosai, kada a bar ta a buɗe.

Mutanen Salinas suna da kuɗi da injiniyoyi da jirage, duk da haka abin da aka ɓata cikin 'yan shekaru ya fi ƙarfin gyaran shekara tamanin. Mai ƙaramin lambu ba shi da wannan ƙarfi, abin da ya ke da shi shi ne ya sani tun da wuri. Allah Ya ba manoma ruwa mai daɗi, Ya sa albarka a abin da suka shuka, amin.